BABI NA HUƊU: KURA-KURAN KAFA HUJJA A MUHAWARAR ADABIN KASUWAR KANO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar ƙagaggun labaran Hausa na zamani tun daga tsakiyar shekarun 1980, da yadda marubutansu suka riƙa buga su da kuɗin aljihunsu bayan da harkar manyan kamfanonin ɗab'i ta ja baya. A wannan babi kuwa za a duba muhawarar da ta biyo bayan samuwar tasu. Ba manufar babin ba ce ya yanke hukunci a kan ko littattafan suna da kyau ko ba su da shi. Abin da aka sa a gaba shi ne hujjojin da ɓangarorin biyu suka kafa, wato masu suka da masu kariya, domin a ga inda hujja ta tsaya da ƙafarta da kuma inda ta gurgunce.

Muhawarar ta ɗauki zafi ne a shafukan jaridar Nasiha a farkon shekarun 1990, musamman bayan maƙalar Malumfashi (1994) wadda ta yaɗa sunan nan na Adabin Kasuwar Kano. Daga baya ta koma filin adabi na jaridar New Nigerian Weekly a 1998 da 1999, inda Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu da shi Malumfashi da wasu da dama suka yi ta musayar ra'ayi. Sai dai maganar ba ta tsaya a jarida ba. Ta shiga gidajen rediyo da wuraren wa'azi da ofisoshin malaman makaranta da zaurukan hira. Mafi yawan hujjojin da za a tattauna a nan irin waɗanda suka yawaita a bakin jama'a ne, don haka ba a jingina kowace ga mutum guda ba.

4.1 Ma'anar Kuskuren Hujja

Kowace hujja tana da sassa biyu. Akwai abin da aka shimfiɗa a matsayin dalili, wanda malaman manɗiƙi suke kira muƙaddima, akwai kuma abin da ake son a tabbatar, wato natija. Kuskuren hujja shi ne a sami giɓi tsakanin waɗannan biyu, ta yadda dalilin bai isa ya ɗauki nauyin abin da aka ɗora masa ba. Ya kamata a lura da cewa raunin hujja ba ya nufin natijar ƙarya ce. Alal misali, wanda ya ce yau Juma'a ce domin ya ga liman da farar riga, mai yiwuwa ne yau ɗin Juma'a ce, amma farar rigar ba ita ta tabbatar da haka ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya, domin za a ga wurare da yawa inda mai magana yake da gaskiya amma hanyar da ya bi ba ta kai shi ba.

Nazarin irin waɗannan kura-kurai daɗaɗɗe ne. Aristotil, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ƙirga nau'o'i 13 daga cikinsu. Larabawa sun fassara ayyukansa, suka kira wannan fanni mugalaɗa. Ilimin kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shaihu Almagili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya yi musayar rubutu da Imam Sayuɗi na Masar a kan halaccin koyon manɗiƙi, inda Sayuɗi ya hana, shi kuwa Almagili ya kare shi. Har ila yau, Shaihu Abdurrahman Al'ahdari na ƙarni na 16, mai littafin Ahalari da kowane ɗalibin zaure ya sani, yana da littafin manɗiƙi mai suna Sullam, wanda ya rufe shi da bayanin yadda hujja take ɓaci, ko dai ta fuskar abin da aka gina ta da shi ko ta fuskar siffar ginin. Shi kansa Bahaushen da bai yi wannan karatu ba yana da sunayen da yake ba gurguwar hujja, irin su kuɗin goro da kame-kame da shaci-faɗi da soki-burutsu. Inda sunan gida ya dace, da shi za a yi amfani.

4.2 Kuɗin Goro

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa a muhawarar. Mai suka yakan karanta littafi uku ko huɗu, wani lokaci ma bangonsu kawai ya gani, sai ya ce ai littattafan nan duk soyayya ce da batsa. Jerin da Furniss da Buba da Burgess (2004) suka tattara na littattafan da suka fito tsakanin 1987 da 2002 ya ƙunshi ɗaruruwan sunaye. Wanda ya ɗanɗani huɗu daga cikin ɗaruruwa bai isa ya ce "duka" ba.

Idan aka buɗe littattafan za a ga kalmar "duka" ba ta tsaya ba. Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu labarin Rabi ne, matar ɗan kasuwa Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ya kora daga gida bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci domin ta riƙe 'ya'yanta. Jigon wannan littafi shi ne haƙƙin iyali da sakamakon zalunci. Haka kuma Wa Zai Auri Jahila? (1990) na ita marubuciyar ya ginu ne a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijon da ba ta so, da yadda ta koma neman ilimi daga baya. Bayan waɗannan akwai littattafan yaƙi da jarumtaka irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, akwai na aljanu da ban tsoro, akwai na 'yan fashi da bincike. Duk waɗannan a rumfa ɗaya ake sayar da su, kuma suna ɗaya aka kira su da shi.

Ba a musun cewa soyayya da aure su ne jigon da ya fi rinjaye, musamman a farkon shekarun 1990, kuma ba a musun cewa an sami wasu littattafai da suka wuce gona da iri wajen siffanta jiki da abin da ke gudana a ɗakin aure. Da mai suka ya ce "mafi yawa" a magana ta farko, ya ce "wasu" a ta biyu, da babu mai ja da shi. Wani zai ga kamar wannan wasa da kalmomi ne kawai, alhali kuwa a nan ne maganar take. Wanda ya ce "wasu" yana kiran a yi tankaɗe da rairaya ne. Wanda ya ce "duka" kuwa yana kiran a hana gaba ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara gurɓata samfurin da masu suka suka dogara da shi. Yawancin iyaye da malaman makaranta sun san littattafan ne ta hanyar waɗanda aka ƙwace a akwatunan ɗalibai ko aka tsinta a ƙarƙashin katifa. To, abin da ake ɓoyewa ai shi ne abin da ake jin kunyar a gani. Littafin da uwa take karantawa a tsakar gida tare da 'yarta ba ya zuwa teburin shugaban makaranta. Ashe ke nan hanyar da samfurin ya zo hannun mai suka ita ce ta riga ta zaɓo masa mafi muni.

4.3 Kalmar "Kasuwa" da Kwatancen Anaca

Ba laifi ba ne masani ya ba abu suna, kuma sunan Adabin Kasuwar Kano ya zauna har waɗanda ba sa son sa suna amfani da shi. Matsalar ita ce yadda aka riƙa sarrafa kalmar "kasuwa" a cikin hujja. Tana da fuska biyu. Ta farko ita ce wurin saye da sayarwa, kuma gaskiya ne a kasuwannin Kano, musamman ta Sabon Gari, manyan dillalan littattafan suke. Ta biyu ita ce ma'anar abu maras daraja, kamar yadda ake cewa zancen kasuwa. Sai a shimfiɗa muƙaddima da ma'ana ta farko, a fitar da natija da ta biyu: a kasuwa ake sayar da su, saboda haka kayan kasuwa ne. Wannan shi ne irin kuskuren lafazi mai ma'ana biyu da malaman manɗiƙi suka yi gargaɗi a kansa. Hanyar gane shi mai sauƙi ce. A kasuwar Kurmi ake sayen Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kuma mai rumfar da ke sayar da littattafan soyayya yakan ajiye Magana Jari Ce a gefe. Babu wanda ya taɓa cewa wurin sayarwa ya rage wa waɗannan daraja.

Kusa da wannan akwai hujja mai kewayawa ta dawo inda ta taso. An sha jin cewa littattafan ba adabi ba ne domin ba a nazarin su a jami'a, idan kuma aka tambayi dalilin da ya sa ba a nazarin su sai a ce domin ba adabi ba ne. Wannan hujja ta faɗi da kanta tun da aka fara rubuta kundaye a kansu a sassan Hausa na jami'o'in ƙasar nan da na waje, irin na Whitsitt (2000) a kan Balaraba Ramat Yakubu a Jami'ar Wisconsin ta Amurka.

Shi sunan an gina shi ne bisa kwatanci da adabin kasuwar Anaca, wato ƙananan littattafan da suka yi tashe a kudu maso gabashin Nijeriya daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa shekarun 1960. Akwai kamanni na gaskiya tsakaninsu: arha, da takarda maras inganci, da marubutan da ba sanannu ba, da yawan batun so. Daga nan ne wasu suka ce tun da na Anaca ya mutu, na Kano ma kwanansa ƙirgagge ne. Amma kwatanci ba ya zama hujja sai abubuwan biyu sun yi kama a daidai wurin da natijar ta rataya. Mafi yawan na Anaca da Turanci aka rubuta shi, domin waɗanda suke koyon Turanci, kuma idan Turancinsu ya nuna sai su wuce zuwa wasu littattafan. Na Kano kuwa da harshen uwa aka rubuta shi, wanda mai karatu ba ya girma ya bar shi. Bugu da ƙari, babban abin da ya karya na Anaca shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya tarwatsa kasuwar da maɗaba'unta. Babu makamancin wannan a Kano.

Adalci ne a faɗi cewa cinikin bugaggun littattafan ya ja baya, musamman bayan da finafinan bidiyo suka janye marubuta da masu karatu daga ƙarshen shekarun 1990. Amma rubutun bai mutu ba, wuri ya sake. Ya koma gidajen rediyo inda ake karanta shi, ya koma wayar hannu ta hanyar WhatsApp da Wattpad, kuma a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Hasashen ya taɓa gefen gaskiya, sai dai ba don dalilin da aka bayar ba.

4.4 Ɗaukar Abin da Ya Riga a Matsayin Sanadi

Hujjar da ta fi tasiri a zukatan iyaye ita ce wadda take cewa tun da littattafan nan suka fito tarbiyya ta lalace, 'yan mata suka fara bijire wa zaɓin iyaye, aure ya daina ƙarko. Siffar hujjar ita ce, abu na ɗaya ya faru, na biyu ya biyo baya, saboda haka na ɗaya ne ya haifi na biyu. Zakara ma yakan yi cara kafin alfijir ya keto, amma ba carar ce take fito da rana ba.

Misalin da aka fi kawowa shi ne In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino. A cikinsa Sumayya, 'yar masu hali, tana son Muhammad wanda ba shi da abin hannu, aka nemi a haɗa ta da attajiri Abdulƙadir, ta faɗa rijiya, Allah ya yi da sauran kwananta. An yi ta zargin cewa wannan ne ya koya wa 'yan mata faɗawa rijiya idan an hana su wanda suke so. Kafin wannan zargi ya tsaya, tilas a nuna abu biyu: cewa ba a yin haka kafin 1991, ko kuma ya ƙaru bayan nan, sannan waɗanda suka yi sun karanta littafin. Masu zargin ba su ɗora wa kansu nauyin nuna ko ɗaya ba. Haka nan akwai yiwuwar cewa al'amarin a juye yake, wato marubucin ya ɗauko abin da ya riga ya gani ko ya ji a cikin al'umma ne ya sa a takarda.

Shaidar da ake da ita ta fi karkata ga wannan. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, an haife ta ne tun kafin zuwan Turawa. Ta yi aure huɗu, kuma ta bayyana cewa na farkon auren zumunci ne da aka yi mata ba da son ranta ba, daga baya ta fita. Ba ta iya karatun boko ba, balle a ce littafi ne ya zuga ta. A ɓangaren adabi kuma, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na shekarun 1930, ya ginu ne a kan Abubakar da Zainabu masu son juna, da yadda dukiyar Malam Shaihu ta raba su, da mugun abin da ya biyo baya. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, labarin Boɗaɗo ne da ta dage a kan auren wanda ba ɗan ƙabilarta ba. An karanta waɗannan a makarantu ba tare da an ce sun ɓata kowa ba.

Daɗin daɗawa, shekarun da littattafan suka fito shekaru ne da abubuwa da yawa suka sauya a lokaci guda. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya fara a 1976, kuma yaran da suka shiga aji ɗaya a wannan shekara sun kammala sakandare ne wajen 1987 ko 1988, wato daidai lokacin da littattafan suka fara yawa. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, aure ya yi wa samari tsada, riƙon gida ya yi wa magidanta nauyi. Birane sun cika, talabijin da bidiyo sun shiga gidaje, finafinan Indiya kuwa sun riga littattafan da shekaru masu yawa, kamar yadda Larkin (1997) ya nuna. Mai yiwuwa ne ma abu ɗaya ne ya haifi duka biyun, wato yaɗuwar karatu a tsakanin 'yan mata shi ya samar da masu sayen littafi, shi kuma ya samar da 'yan matan da suke tambayar dalili. A zaɓi littafi shi kaɗai daga cikin wannan taro a ɗora masa laifi, wannan ya fi kama da neman wanda ya fi sauƙin kamawa.

Wannan bayani ba ya nufin karatu ba ya tasiri ga ɗabi'a. Yana yi, in ba haka ba da babu amfanin rubuta littafin wa'azi. Abin da ake cewa shi ne, girman tasirin da irinsa abu ne da ake aunawa, ta hanyar kwatanta masu karantawa da marasa karantawa waɗanda suka yi daidai ta sauran fuskoki. Mai wannan bincike ta yi makarantar kwana inda ake ƙwace irin waɗannan littattafai a duk binciken akwati, kuma abin da ta gani shi ne kusan kowa a ɗakin kwana tana karantawa, da mai natsuwa da maras ji. Wannan ba hujja ba ce ta ilimi, ganin mutum ɗaya ne, amma ya isa ya nuna cewa idan kowa yana karantawa, samun littafi a akwatin wadda ta yi laifi ba ya bayyana komai.

4.5 Sukar Marubuci da Awo da Mudu Biyu

An sha cewa marubutan 'yan sakandare ne, ko waɗanda ba su gama makaranta ba, ko matan kulle, ko masu neman kuɗi kawai. Ko da duk wannan gaskiya ne, bayani ne a kan mutum, alhali abin da ake muhawara a kansa shi ne littafi. Balaraba Ramat Yakubu ta sha faɗi cewa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ta ajin manya ya shiga karatun boko. Idan littattafansu suna da rauni, a cikin shafukansu za a nuna shi. Matakin karatun marubuci yana iya bayyana dalilin kuskure bayan an gano kuskuren, amma ba ya tsayawa a madadin gano shi.

Zargin kwaikwayon finafinan Indiya kuwa yana da tushe, domin akwai littattafan da zubinsu ya bi na wasu finafinai ƙafa da ƙafa. Inda aka kuskure shi ne da aka mai da aro kansa ya zama laifi. Magana Jari Ce, wanda aka buga cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da wasu wurare, kuma dabarar sa aku ya riƙa ba da labari domin ya tsare mai sauraro daga fita tana da asali a adabin Indiya da Farisa. Idan aro ya kore littafi daga adabi, to ya kori wannan ma. Tun da babu mai yarda da haka, sai a sake tambayar. Abin tambaya shi ne yadda aka sarrafa abin da aka aro. Abubakar Imam ya sa wa nasa rigar Hausa har mai karatu ba ya jin baƙunci. Wasu marubutan zamani kuwa sun bar saurayi da budurwa suna zagaya lambun furanni suna kalaman da Bahaushe ba ya yi. Idan aka gyara sukar ta koma haka, sai ta zama mai ƙarfi, kuma a ganin mai wannan bincike ta dace da littattafai da dama.

4.6 Kura-kuran Masu Kariya

Wanda ya karanta abin da ya gabata zai iya zaton cewa rauni a ɓangare ɗaya yake. Ba haka ba ne. Masu kare littattafan, musamman su marubutan, sun faɗa ramukan da suka yi kama da waɗanda suke zargi.

Babbar garkuwarsu ita ce yawan masu saye. Yawan ciniki yana tabbatar da cewa littafi ya biya wata buƙata, kuma wannan abin lura ne ga mai nazarin al'umma. Amma ba ya amsa tambayar ko zubin labarin ya tsaru, ko taurarinsa sun ginu, ko harshensa ya nuna. Taba sigari ma tana da masu saye. Idan aka matsa musu kuma sai a ji sun ce masu sukar hassada ce take damun su, domin nasu littattafan ba sa fita. Wannan shi ne dai sukar mutum da aka tattauna a 4.5, an juya ta ne kawai. Mai hassada yana iya faɗin gaskiya. Haka nan cewa "Imam ma ya yi aro" tana da amfani wajen nuna awo da mudu biyu, amma ba ta wanke wanda ya kwashe fim sukutum ya sa sunansa a kai ba tare da ya ambata ba.

Akwai kuma hujjar zaɓi biyu, wadda take cewa ko dai matasa su karanta waɗannan ko kuma su daina karatun Hausa ɗungurungum. An ɓoye zaɓi na uku, wato su karanta waɗannan ɗin bayan an tace su an gyara. A nan ne sukar da ta fi kowace inganci take, kuma ita ce aka fi yi wa kunnen uwar shegu. Yawancin littattafan farkon shekarun 1990 cike suke da karya ƙa'idojin rubutu. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, kamar a rubuta "yace" da "shine" a maimakon "ya ce" da "shi ne". Ana barin ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Ana cusa Turanci inda Hausa take da kalma. Ba za a ce babu ƙa'ida ba, domin an yi taron daidaita rubutu a Bamako a 1966 da kuma a Yamai a 1980. Wannan aibi ne da ake iya nunawa da yatsa a shafi, ba ya buƙatar zato a kan zuciyar kowa. Amsar da aka fi bayarwa, cewa ai masu karatu suna ganewa, kauce wa tambaya ce.

Kuskure mafi zurfi a wannan ɓangare shi ne tufka da warwara a kan batun tasiri. Idan aka ce littafi ya sa yarinya ta bijire, sai marubuci ya ce shi madubi ne kawai, abin da ke akwai yake nunawa. Idan kuma ana lissafin alheri, sai shi ɗin ya ce littattafansu ne suka rage auren dole, suka sa iyaye barin 'ya'ya mata a makaranta. Ba zai yiwu littafi ya zama maras ƙarfi wajen sharri kuma mai ƙarfi wajen alheri ba, sai an kawo dalilin bambancin. Da'awar cewa littattafan sun rage auren dole tana buƙatar irin shaidar da aka nema daga masu cewa sun jawo faɗawa rijiya, kuma ita ma ba a kawo ta ba. Haka batun faɗakarwa yake. Kusan kowane marubuci yakan ce manufarsa faɗakarwa ce, kuma mugu yakan ga sakamakonsa a ƙarshen labari. Amma shafi biyu na nadama a ƙarshe ba sa goge shafi tamanin da aka ɓata ana ƙawata abin da za a yi nadamar a kansa. Niyyar marubuci daban, abin da rubutunsa ya aikata daban.

4.7 Daga Muhawara Zuwa Hukunci

Abin da ya sa wannan nazari ya wuce motsa ƙwaƙwalwa shi ne, hujjojin ba su tsaya a baki ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa dalilin cewa suna ɓata tarbiyyar ɗalibai. A 2008 kuma hukumar, a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista kuma su riƙa kai rubutunsu a duba kafin bugawa, abin da ya jawo takaddama tsakaninta da ƙungiyoyin marubuta.

Kare tarbiyyar yara manufa ce da babu mai ja da ita, kuma hukuma tana da hurumin hana batsa. Amma matakin ƙonawa ya rataya ne a kan abubuwan da aka gani a 4.2 da 4.4, wato cewa abin da aka ƙwace yana wakiltar sauran, kuma shi ne sanadin abin da ake kuka da shi. Wuta ba ta bambance littafin da ya wuce gona da iri da wanda yake kira ga ilimin mata. Shekara huɗu bayan takaddamar rajista, wato a 2012, wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne ta Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi. Ɗaya daga cikin manyan tarin littattafan farkon wannan zamani kuwa yana makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, inda Graham Furniss ya tattara su a lokacin da ake gardamar ko sun cancanci a ajiye su. Shi kuwa rubutun batsa da aka yi ƙonawar dominsa, wayar hannu ya koma, inda ba ya bi ta maɗaba'a ko rumfar dillali balle ya zo teburin mai tacewa.